Farshok ɗin Motar Mushe

Ku matso inuwa, ku ajiye gwangwanin nan ya huta. Na ga yadda kuke yi. A sayo fentin feshi a kanti, a girgiza, a fesa wa farshok ɗin kat-kat, motar shiga daji, da tsakar rana, a ja da baya a ce ya yi. Ya yi ɗin, har zuwa ranar da za a wanke motar. Farshok dai shi ne ƙarfen nan na gaban mota, wanda mutanen Kano ke ce wa bamba, kuma a jikin motar daji babu abin da ya kai shi shan wuya. Shi ke karo da ƙaya, shi ke shan tsakuwa, a jikinsa ake ɗaura sarƙa, a kansa direba ke zama ya sha shayi. Wanda ya fente shi fentin ya zauna, to ya iya aiki. Sunana Habu, Habu mai fenti ake ce min a Damagaram, kuma tunda kun ce abin ba wuya, bari ku ji yadda ni na same shi.

Ni ɗan Droum ne, ɗan manoma. Bayan fari na farko, da rumbunmu ya ƙare ƙaf, mahaifina ya kawo ni birni wurin Abba Mele. Kakanninsa daga Barno suka zo, gidansu na unguwar Birni, garajinsa kuwa yana bayan tasha. Gajere ne, ba ya ɗaga murya, kuma ban taɓa ganin ɗigon fenti a rigarsa ba. Aikin farko da ya ba ni ƙofar wani kamiyo ce, wato babbar mota, da tsatsa ta ci. Ya miƙo min takardar guga, da guntun katakon da zan naɗa ta a kai, da gwangwanin ruwa, ya ce, "Goga." Na goga har yatsuna suka yi sulɓi suka fashe. In na ce na gama, sai ya zo ya zuba ruwa daga saman ƙofar, ya tsuguna yana kallon yadda yake gangarowa. Inda ruwan ya karkace ko ya tsaya, nan akwai tudu ko rami. Sai ya nuna min wurin da haɓa, ya koma inda ya fito. Sai da gemu ya fara tsiro min sannan ya bar ni na riƙe fistole, wato bindigar feshi, shi ma a kan murfin tano, wato ganga, na fara, ba a kan motar mutane ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Kwampireso guda ne, tsoho mai tari, wanda ke ba fistole iska. Wuƙar shafa mastik, abin cike ramukan jikin mota, daga karyayyen zarto muka yanko ta. Fenti ba ya shiga fistole sai an tace shi da tsohon ɗankwali, don ƙwayar datti ɗaya tana toshe bakin ta sa ya riƙa tofi. Diliyan, ruwan da ake sirka fenti da shi, Maigida a ɗakinsa yake kulle shi, don har da na wanke hannu yana lissafi a ransa. In an yi feshi an gama, kowa sai ya sha madara, wai tana wanke ƙirji. Ban sani ba ko tana wankewa, amma mun sha.

Motar wani Alhaji mai fataucin gyaɗa ita ce ta farko da na fesa ni kaɗai. Ya zo da ƙyallen shadda a aljihu, ya ce irin wannan shuɗin yake so, ba na sama ba, ba na bula ba. Na wuni ina haɗa launi a gwangwanayen tumatir, ina shafawa a guntun kwano ina shanyawa, domin fenti ɗanye da busasshe ba launinsu ɗaya ba. Ranar karɓar mota Alhaji ya zo sanye da babbar rigar da aka yanko ƙyallen a jikinta, ya jingina hannun rigar da ƙofa, ya sa aka kira masa mai shayi da mai faci su faɗi gaskiya. Suka ce ba a rabewa. Sannan ya shiga ya tafi. Masu mota haka suke. Wani launi ya dama, wani sheƙi, wani kuma so yake ka rufe masa ɓarna ya sayar. Irin na ƙarshen nan Maigida bai taɓa karɓar aikinsu ba.

Kat-kat ɗin ma'aikatan proje, masu ayyukan raya karkara, su suka koya min farshok. Wanda suke zuwa da shi daga kamfani ba ya jure dajinmu, fita ɗaya ya lanƙwashe. Sai a kai wa masu sudir, masu walda ke nan, su ƙera wani da bututun rijiyar burtsatse, a ɗaure da noti. Irin wannan na ƙirar hannu ya fi kowane wuyar fenti. Duk inda aka yi walda akwai ƙanzo, in ba ka ƙwanƙwashe shi ba zai ɓanɓaro da fentinka daga baya. Akwai lunguna da takarda ba ta shiga. Akwai maiƙo da ido ba ya gani. Sai ka kai ƙarfe tsirara, ka goge shi da esans, wato fetur, ka sa jan fenti na maganin tsatsa, ka bari ya bushe, sannan launi ya biyo baya, shafi mara kauri a kan shafi mara kauri. Feshin da kuke ɗoki shi ne ƙaramin aiki a ciki.

Sai fari na biyu ya zo. Damina ta yi kamar za ta zauna ta ɗauke, hatsi ya bushe yana iya gwiwa. A shekarar ne kuma aka rufe iyaka, fenti da diliyan da ke zuwa mana daga Kano ta Takieta suka yanke, sai ɗan abin da ake shigowa da shi a ɓoye, shi ma rabinsa kalanzir ne. Ruwa kuwa, kun san garin nan ko a shekarar ƙoshi bai wadata da shi ba. Famfo ya yi shiru, mata na wuni a layi, 'yan ga-ruwa sai wanda suka sani suke kai wa. Wata safiya ina goge murfin injin wata mota, Abba Mele ya tsaya a kaina yana kallon ruwan da ke ɗiga ƙasa. Ya ce, "Habu, wannan da kake zubarwa ya ishi wani gida girki." Ranar ya lulluɓe kwampireso da buhu. Ba a daɗe ba ya kwashi iyalinsa ya tafi wurin danginsa can gabas, ya bar min mabuɗi. Ya ce, "Aikin da hannu zai iya, ka yi. Wanda ke son ruwa, ka ba mai shi haƙuri." Sauran abokan aikina suka watse, wasu kudu wasu arewa. Ni na zauna ina rubuta lamba a jikin tano da alluna a ƙofar ɗakunan hatsin taimako, da ragowar fentin da ke gindin gwangwanaye.

Motar wani mutum da ake kira Malam Issufu, warinta ya riga ta shigowa. Tsohuwar kat-kat ce mai rufin tanti a baya, gabanta farshok na bututu biyu, sama da ƙasa. An shafe shi da baƙin fenti, amma fentin bai bushe ba, yana danƙo, gashin dabba da matattun ƙudaje sun manne a jiki, masu rai kuma na bin sa. Mai motar ya fito, dogo, ya girme ni nesa, tafiyarsa ta tsohon soja. Muka gaisa.

Ya ce, "Kai ne mai fenti?"

Na ce, "Ni ne, Malam, amma garaji a rufe yake."

Ya ce, "Na ga ƙofa a buɗe."

Na ɗauki tsinke na taɓa fentin, ya biyo tsinken kamar ƙaro. Na ce, "Wa ya yi maka wannan?"

"Ni na yi. Fentin ƙofa ne, na sirka shi da gazuwal, man dizal, don ya ishe ni."

Na ce masa ko shekara zai yi ba zai bushe ba, don a kan kitse aka shafa shi. Na tambaye shi kitsen mene ne. Ya nemi wuri ya zauna a kan taya, ya ba ni labari ba tare da ya ƙara gishiri ba.

Direba ne a soja. Da ya bar aiki ya sayi motar a gwanjo, ya koma ƙauyensu, can bayan Gidimuni, inda kwalta ba ta kai ba sai yashi mai zurfi. A duk ƙauyukan wajen tasa ce kaɗai mota. Ita ke kai mutane kasuwa, ita ke kawo mara lafiya asibitin birni. Da fari ya yi tsanani, garkunan arewa suka gangaro bakin tafki, suka riƙa faɗuwa a nan, wasu a bakin rijiyoyi. Likitocin dabbobi suka ce in ba a janye mushen nesa da ruwa an binne ba, cuta za ta shiga mutane. Babu sauran sa mai ƙarfin ja. Sai shi ya ɗauki aikin. Yakan ɗaura sarƙa a farshok ya ja da baya, waɗanda suka kumbura kuma ya tura su rami da gaban motar. Rijiyoyi suka tsira. Motar kuma ta sami suna, motar mushe.

Ya ce, "Daga nan aka daina shiga. Liman ya ce in an wanke ta tsarkaka. Na wanke da ruwan tafki har hannuna ya yi fari, warin na nan. Maza ma da dama-dama. Mata kam sun ƙi. Maƙwabcina ya kwanta ciwo, iyalinsa suka ɗora shi a jaki, bai kai kwalta ba."

Na yi masa ta'aziyya. Ya amsa, sannan ya ce akwai wata yarinya ta gidansa, tana aure a ƙauyen da ke gaba da nasu. Daga yadda ya ƙi kama sunanta na gane 'yarsa ce ta fari. Tana da tsohon ciki, ƙafafu da fuska sun kumbura, kuma ma'aikacin ɗakin shan magani na Gidimuni ya ce kada ta haihu a gida, a kawo ta birni. Mijinta ya tafi ci-rani. Gidan yana hannun uwar mijin, Iya Hassana, wadda ita ce ungozomar garin, abin da ta faɗa shi mata ke bi. Ta ce mai ciki ba za ta shiga motar mushe ba, warin zai taɓa abin da ke cikin.

Na ce, "Malam, ka kwance farshok ɗin mana ka yar."

Ya ce, "In na kwance, kututture na farko zai huda min tukunyar ruwan inji, mu tsaya a daji da ita. Kuma Iya ta ce ko na cire, ɓoyewa na yi. Surukata ce, ba zan ɗaga mata murya ba."

Na leƙa bakin bututun na ƙasa, wanda mai sudir ya bari a buɗe, na ja da baya da sauri. Na ce masa warin ba a waje yake ba, a ciki yake. Na kuma gaya masa gaskiya, ba ni da diliyan, ba ni da iska, ba ni da ruwa. Abin da nake da shi buroshi ne da ragowar gwangwanaye. Ya ce shi kuma yana da hannu biyu.

Kwance farshok ɗin shi ma aiki ne. Notin sun ci tsatsa, sai da muka jiƙa su da kalanzir muka bar su suka sha. Da muka sauke shi muka ja shi nesa, muka goge ƙarƙashin gaban motar da toka da tsumma, sai ga mota ba ta warin komai sai na mai. Wannan ya kwantar masa da hankali. Muka ɗora farshok ɗin a baya muka fita bayan gari, cikin duwatsu, inda ba za mu dami kowa ba. Itace ya yi tsada a lokacin, amma busasshen kashin shanu ko'ina akwai shi. Muka haɗa da ɗan gawayi, muka jingina ƙarfen a kan duwatsu, baki ɗaya ƙasa ɗaya sama, muka hura wuta ta bakin ƙasa don ta bi cikin bututun kamar bututun hayaƙi. Abin da ya narko ya fito ba zan faɗa muku ba, kun kusa cin abinci. Wuta a irin wannan aikin ana tsare ta. In ƙarfe ya yi ja ya yi laushi, ya rasa ƙarfinsa, gobe ya lanƙwashe a karo na farko. So ake ya yi zafin da kitse zai ƙone, fenti ya kumbura ya zube, shi ke nan. Kuma ba a zuba masa ruwa ya huce, da kansa yake hucewa. Muka zauna a inuwar dutse muna jira, ya ba ni dabinon Gidimuni daga aljihunsa.

Washegari muka shiga kankara. Muka ɗaura tsumma a kan sandar ƙarfe, muka riƙa cusa shi da yashi da toka ta cikin bututun har ya daina fitowa baƙi. Waje kuma karyayyen zarto, sannan buroshin ƙarfe, sannan takardar guga a bushe. Gugar bushe tana cin takarda tana cin ƙirji, sai mun ɗaure hanci da rawani. Da muka zo wanki, Malam Issufu ya sauko da jarka daga mota, ya ce ga ruwa ya zo da shi daga tafki. Na ɗanɗana da yatsa. Na ce, "Malam, wannan ai kanwa ce. Ita ta yi maka waɗannan ramukan a ƙarfe. In ta shiga ƙarƙashin fenti, daga ciki za ta ci shi." Matata ce ta fid da mu. Ta ba mu bokitin ruwan tokar da ta tace don wanki, ruwan toka kuwa yana yanke maiƙo. Muka wanke a kan kwano don kada ɗigo ya tafi a banza, muka ɗauraye da ɗan ruwan sha, muka shanya a rana, muka bi da esans ɗin da ya zuƙo daga tankinsa. Mai sudir na maƙwabtanmu ya toshe bakunan bututun da faranti, ya kuma ƙera masa ƙugiya a bayan motar, don in zai ja mushe nan gaba ya ja da doguwar sarƙa daga baya, ya bar turawa da gaba.

Jan fentin maganin tsatsa ya yi fata a gindin gwangwani. Na yanke fatar, na sirka da ɗan esans, na tace. Muka rataye farshok ɗin a ƙarfen rumfa, muka kewaye shi da tsohon gidan sauro saboda ƙudaje, muka shimfiɗa buhuna a ƙasa tunda babu ruwan yayyafi. Sannan na miƙa masa buroshi.

Ya ce, "Ni zan shafa?"

Na ce, "Kai za ka shafa, Malam. Ba zan bi ka daji duk ranar da ƙaya ta karce shi ba."

Hannunsa mai nauyi ne. Ya tsoma buroshin har wuya, ya danna, fenti ya riƙa zubo da hawaye. Na sa ya goge da tsumma ya sake. Bakin gashin kawai ake tsomawa. A fara da lunguna da wuraren walda, sannan a ja doguwar shafa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kuma inda aka wuce ba a komawa, ko da an ga kamar bai rufe ba, shafi na gaba zai rufe. Da sassafe ake yi, kafin ƙarfe ya ɗauki zafi. Bai yi musu ba ko sau ɗaya. In na ce goge, ya goge. Kafin mu gama jan, hannunsa ya saki.

Launi biyu ya rage min, baƙi da fari. Na ce ya ɗauki baƙi, ya fi ɓoye datti a motar daji. Ya ce, "Shi ya sa ba na so. Sa min fari. In akwai ƙazanta kowa ya gani, in babu ma kowa ya gani." Muka yi shafin farko, muka ba shi kwana, muka bi da takarda mai laushi, muka ƙara. Ranar da ya yi shafin ƙarshe da safe, na ce masa sai ya ba shi kwanaki kafin a ɗaura, don fentin buroshi samansa ke fara bushewa, cikinsa na nan ɗanye.

Da hantsi sai ga wani direban motar kasuwa daga Gidimuni yana neman sa. Ya ce an ba shi saƙo, jikin yarinyar ya tsananta, kanta na sarawa, tana ganin duhu-duhu. Malam Issufu ya tashi ya ɗauko sufana. Muka jira zuwa azahar don saman ya ƙara shan iska, muka kama farshok ɗin ta wuraren noti, muka ɗaura. Ya ce, "Malam Habu, zo mu je. In ni na faɗa za a ce son kai ne. Kai ka gaya musu abin da aka yi."

Muka bi ta Mirya. A bakin kwalta mutane ne ke tafe da ƙunshi a ka, sun nufo birni. Tafkin Gidimuni ya ja baya, gefensa fari fat da kanwa. Daga nan muka sauka yashi, ya rage wa tayoyi iska, muka yi ta kurɗawa tsakanin kututture da ƙaya. Da muka isa ya tsaya nesa da ƙofar gidan, ya cire takalmi, ya tsuguna daga waje ya yi sallama. Mutanen gari suka taru, amma ba wanda ya matso kusa da motar.

Iya Hassana ta fito da sanda. Tsohuwa ce ƙarama, idanunta sun yi hazo. Suka gaisa da surukinta kowa na kallon gefe. Ta ce, "Wa kuka zo da shi?"

Ya ce, "Mai fenti ne daga birni, Iya."

Ta juyo wajen muryata da na gaishe ta. Ta ce, "Ɗana, rufewa kuka sake yi, kamar yadda ya yi da farko?"

Na ce, "A'a, Iya. Kwance shi muka yi muka ƙona."

"Wutar ta shiga cikinsa?"

"Ta shiga ta wannan bakin ta fita ta wancan. Muka kankare, muka wanke da ruwan toka, muka toshe bakunan."

"Ruwan tokar wa ya tace?"

"Mai ɗakina."

Ta ce a kai ta. Wata mata ta riƙe mata hannu har gaban motar. Ta durƙusa a yashi, ta fara shinshinawa daga wannan ƙarshe, a hankali, tana tsayawa a duk inda aka yi walda, har ta sa kai ƙarƙashi. Da ta kai ɗaya ƙarshen za ta tashi, sai ta dafa bututun sama ta ɗora masa duk nauyinta. Na buɗe baki, Malam Issufu ya taɓa min gwiwar hannu, na rufe. Ta miƙe, ta shinshina tafin hannunta, ta goge a zane.

Ta ce, "Wari kam akwai, amma ba na mutuwa ba ne." Ta juya wajen matan. "Ku shimfiɗa tabarma a baya, ku ninka zannuwa. Ni ma da ni za a je."

Aka fito da yarinyar a rirriƙe. Ni na koma baya can ƙarshe ina tare jarkoki kada su gangaro kansu, Iya ta ɗora kan yarinyar a cinyarta. Ban taɓa ganin an tuƙa mota a yashi da lallashi irin na ranar ba. Muka shiga asibiti kafin magariba. Aiki aka yi mata. Ta tashi, ɗan ma ya rayu, namiji, ɗan ƙarami.

Kwanakin da suka yi a asibiti Malam Issufu bai zauna ba, yana ta kai da kawowa tsakanin ƙauyukan da birni, kuma ba ya dawowa da baya wayam. Ranar da aka sallame su ya biyo ta garaji, da su a cikin motar. Na riga na tanadi takarda mai laushi da ragowar farin, domin shatin hannun Iya ya fito sarai a bututun sama, tafi da yatsu, har da yashin da ya manne. Fentin ya riga ya ƙanƙare a haka. Na tsuguna zan fara gogewa.

Ya ce, "Bar shi, Malam Habu."

Na ce, "Ba zai ɗau lokaci ba. In goge in shafa, ba wanda zai san an taɓa."

Ya ce, "Ai so nake a sani. Waɗanda suka gani sun gaya wa waɗanda ba su gani ba. Yanzu duk ƙauyen da na tsaya, kafin a sa mara lafiya sai wata ta zo ta duba hannun nan tukuna."

Na ce, "Amma in ya shiga gari haka, cewa za a yi aikin Habu ne."

Ya ce, "Wa ya riƙe buroshin? Ai ba kai ka yi ba, ni na yi."

Na rufe gwangwanin na danne murfin da kyau, na wanke buroshin da esans na naɗe shi a takarda, na ba shi duka biyun. Na ce ya riƙa kifa gwangwanin in zai ajiye don kada ya yi fata, kuma duk inda ya karce ya kankare tsatsar kafin ya shafa. Yana cikin maimaita min abin da na faɗa sai Iya Hassana ta ɗaga tantin baya da sandarta.

Ta ce, "In kun gama shawarar ƙarfen, akwai jariri a nan yana jin zafi."

Malam Issufu ya sa gwangwanin ƙarƙashin kujera, ya tayar da mota.